Babban Yatsan Delmer Hulsey

An kammala madatsar ruwan Guntersville a shekarar 1939. Ruwa ya haɗiye gonakin kakanninmu, ya bar mana tafki da wani kifi da ake kira bas. Ni da Delmer Hulsey bayan haka aka haife mu, saboda haka ba mu san komai a wurin ba sai ruwa. Ni na koyar da tarihi a makarantar sakandare har na ajiye aiki. Shi kuwa gyaran mota ya yi, amma duk garin ya san fatsa ce ainihin sana'arsa.

Injin naɗin zare da ƙwararrun masu kamun bas suke ɗaurawa a sandarsu yana da kwarkwaro a buɗe, wanda ke juyawa da gudu idan an yi jifa. Babban yatsa ne ke tsare shi. Yana shafar zaren a hankali yayin da ƙoton ke tafiya a iska, sannan ya danne shi daidai lokacin da ƙoton zai taɓa ruwa. In yatsa ya makara, kwarkwaro ya ci gaba da juyawa, zaren ya cukurkuɗe ya zama abin da muke kira sheƙar tsuntsu. Delmer ya iya wannan tun zamanin zaren saƙa, kafin zaren roba ya cika kantuna a ƙarshen shekarun 1950.

A bazarar bara hawan jini ya kayar da shi a garejinsa. Hannun dama ya dawo aiki, amma yatsun ba sa jin komai. 'Yarsa Nelda, wadda ke zaune a Huntsville, ta ce a sayar da jirgin ruwansa na fatsa ya koma wurinta. Suka yi ta ja har suka tsaya a kan magana ɗaya: in ya kama bas da hannunsa, jirgin ya zauna, shi ma ya zauna a gidansa. Ni aka sa shaida.

"Kawu Orval, kada ka rufa masa," in ji Nelda a waya. "Na san halinku ku biyun."

Muka fita da safe, muka tsaya a gefen ciyawar ruwa da ke bakin wani tsohon rafi wanda tafkin ya binne. Delmer ya dubi jakar da na ajiye a ƙafata.

"Farfesa, littafi ka kawo wa kifin? Karanta musu yaƙin basasa, ko barci zai ɗauke su mu kwashe da hannu."

"Abincin rana ne," na ce. "Da wani abu."

Ya ɗauki doguwar sandarsa mai tauri, ya ɗaura tsutsar roba, ya cusa bakin ƙugiyar a jikinta don kada ta kama ciyawa. Ƙullin ya ɗauke shi lokaci, na kawar da kai. Ya yi jifa. Kafaɗarsa da gwiwar hannunsa sun yi aikinsu yadda suka saba, amma tsutsar na faɗawa ruwa kwarkwaron ya yi wani ƙara, zare ya kumburo waje kamar audugar da aka ɓarke.

"Iska ce," ya ce.

Babu iska. Na karɓi sandar, na sa tabarau, na yi ta tsintar zaren da allurar saƙa da matata ta bari. Na miƙa masa. Ya sake jifa, aka sake yin sheƙa. Ta uku ta fi ƙarfin allura, sai da wuƙa. Ya zauna yana kallon babban yatsansa, yana danna shi a kan gwiwa kamar mai gwada tayar mota.

Na buɗe jakar na fito da wani injin naɗi, rufaffe, mai maɓalli a baya. Ka danna, ka saki, shi ke nan. Da irinsa ake koya wa yara.

"Mayar da shi."

"Delmer, kifi bai san wane inji ne a sama ba."

"Ni na sani. Kana so maƙwabtana 'yan gidan Tidwell su wuce su gan ni da kayan wasan jikoki? Har a coci za a yi zancen. Mayar da shi, tsoho."

Na mayar. Muka ci biskit da kifin gwangwani, ya ce wannan ne kawai kifin da zan taɓa kamawa da iyawata. Ban rama ba, kuma ya lura ban rama ba.

Bayan mun ci, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Nelda ta ce in kama. Ba ta ce in jefa ba."

Na ɗauki sandarsa na jefa masa a gefen ciyawar, ba nisa, don ni ma ba gwani ba ne. Ya karɓa ya fara jan tsutsar a ƙasan ruwa, ya ɗaga kan sandar kaɗan, ya tsaya, ya naɗe sakin. Kamun tsutsa aikin ji ne. Bas ba ya fizga. Yana zuƙe ta ne, sai ka ji ɗan ƙwanƙwasa a yatsan da ke kan zaren, kuma a nan take ake ɗaga sanda da ƙarfi don ƙugiya ta shiga leɓe.

Na ga zaren ya ɗan yi tsalle. Delmer bai motsa ba. Zaren ya fara tafiya gefe, a hankali, yana nufar ruwa mai zurfi. A tafkinmu ba a gaya wa babban mutum lokacin da zai ɗaga sandarsa, kamar yadda ba a gyara masa addu'a. Na jira ya ji. Idonsa na kan wani zalɓe a gaɓa, yatsansa na kan zaren da ke zamewa a ƙarƙashinsa.

"Delmer," na ce. "Zarenka na tafiya."

Ya ɗaga sandar ta lanƙwashe. Daga nan ya yi komai daidai. Ya hana kifin shiga ciyawa, ya kawo shi gefen jirgi, ya kama leɓensa na ƙasa da hannun hagu ya ɗago. Mace ce babba, mai ciki fari. Amma da ya leƙa bakinta, babu ƙugiya a leɓe. Ta haɗiye tsutsar har ciki, jini na gangarowa daga ƙarƙashin kumatunta.

Mu ba ma ajiye irin waɗannan. Tun shekarun 1970 al'adarmu ita ce a kama a saki, kuma Delmer na cikin waɗanda suka fara yi wa mutane faɗa a kan haka. Ya yanke zaren, ya durƙusa, ya riƙe ta a cikin ruwa yana kaɗa ta gaba da baya don ruwa ya ratsa ta. Ya saki. Ta juya cikinta sama. Ya jawo ta ya sake gwadawa, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Na riƙe bayan rigarsa kada ya faɗa, ba ni da abin da zan iya yi ban da wannan.

"Ka kama," na ce. "Da hannunka. Haka zan gaya mata, kuma gaskiya ne."

"Tun yaushe take ɗauke da tsutsar?" ya ce.

Na sunkuya ina tattara guntayen zare.

"Orval. Tun yaushe?"

"Ta ɗan jima."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗago kifin ya sa a akwatin ƙanƙara, don ba a barin wanda ya mutu a ruwa. Ya wanke hannunsa ya goge a wando, ya kwance injin daga sandar, ya naɗe shi a tsumma.

"In mun isa ka kira Nelda," ya ce. "Ka ce ta gaya wa mutumin nan mai son jirgin ya zo ya duba. Kai za ka tuƙa mu. Ka bi a hankali wajen kututturan cikin ruwa."