Shafin Faɗi Ra'ayinka

Tun da Dogo ya gama karatun kwamfuta, aikinsa a kamfanin bokitai da kujerun roba bai wuce zaro takarda idan ta maƙale a firinta ba. Mai kamfanin mijin gwaggonsa ne. A gida Kawu yake ce masa, a ofis kuwa sai Yallaɓai.

Wata safiya Yallaɓai ya dawo daga ziyarar kamfanin wani abokinsa fuska a murtuke, ya sa aka kira Dogo.

"Kai, mene ne intaranet?"

"Kamar intanet ne, Yallaɓai, amma na cikin gida. Babbar kwamfuta guda za a ajiye, a jona mata duk kwamfutocin ofis. Sanarwa, takardun aiki, neman hutu, duk a can za su zauna. Ma'aikaci ya shiga da sunansa da lambar sirri, na waje kuwa ko leƙe ba zai samu ba."

"To mai kamfanin sabulu ma yana da shi. Mai sabulu fa! A yi mana wanda ya fi nasa."

Dogo ya ji kamar an naɗa shi sarauta. Ya kwashe murafun bokiti daga wani ɗan ɗaki kusa da sito, ya girke babbar kwamfutar a kan tebur, ya juya mata fanka. Ya hau tsani yana jan waya ta cikin silin, yana saukowa da yanar gizo-gizo a gashi. Duk wanda ya tambaye shi abin da yake yi sai ya ce, "Ko na faɗa ba za ka gane ba."

Ana gamawa Yallaɓai ya ce a sa hotonsa a shafin farko. Aka sa. Ya ce a ƙara girmansa. Aka yi ta ƙarawa har sai da sanarwa ta koma can ƙasa, sai mutum ya wuce takalman Yallaɓai kafin ya gan ta.

Sai rigimar wa zai ga me. Akanta ya ce kada mutanen talla su ga takardunsa. Shugaban talla ya ce shi ma a rufe nasa. Mai kula da sito, wanda ba shi da komai a ciki sai hoton wata kujera, ya ce ai shi ma ba bare ba ne, a sa masa makulli. Abin da aka kafa don a san aikin juna ya zama gidan haya, kowa ya garƙame ɗakinsa. Sakatariya kuwa ta ɗauki sabon aiki: ta buɗe intaranet, ta buga sanarwar a takarda, ta manna a allon bakin ƙofa kamar yadda aka saba.

Shafi ɗaya ne ya rage a buɗe, mai suna Faɗi Ra'ayinka, shi ma ko ƙuda ba ya sauka a kai. Yallaɓai ya ba da umarni kowa ya faɗi ra'ayinsa kafin ƙarshen mako. Ra'ayoyi suka zo: Allah ya ja zamanin Yallaɓai, hoton Yallaɓai ya yi kyau, ba mu taɓa ganin shugaba irin Yallaɓai ba.

Abin ya ci wa Dogo rai. Ba gaskiya ce ta dame shi ba, so yake a riƙa shiga abin da ya gina. Sai ya cire wurin rubuta suna, ya sa sanarwa cewa ko shi kansa ba zai san wanda ya yi rubutu ba.

Kafin azahar shafin ya cika. Famfon banɗakin ma'aikata ya mutu tun bara. Shugaban talla da motar kamfani yake kai surukarsa kasuwa. Akanta ya fi kwamfutarsa yawan barci. Masu gadi ma suka fara neman a buɗe musu lambar sirri. Dogo ya koma tafiya yana ɗaga kafaɗa.

Yallaɓai ya fi kowa jin daɗi. Ya sa Dogo ya haɗa masa hanya ta musamman, yadda ƙaramar kwamfutarsa ta gida za ta iya shiga, don ya riƙa karantawa bayan cin abinci yana dariya. Ana haka sai aka iso kansa.

"Mai hoton nan, baƙin da yake shafa wa gemu ya fi kujerunmu saurin koɗewa."

Washegari wani ya biyo baya: "Yana hana ma'aikata cin abinci a ofis, shi kuwa likita ya hana shi sukari amma akwai alewa ƙarƙashin kujerar motarsa."

Ba wanda ya yi dariya a fili, sai dai ranar nan duk wanda ya gaishe da Yallaɓai gemun yake kallo.

"Ka fito mini da shi!" in ji Yallaɓai, yana dukan tebur.

"Yallaɓai, ai ba ya ajiye suna."

"To me na ajiye ka kake yi? Injin da ke cikin kamfanina, yana shan wutata, ya ɓoye mini magana?"

A ƙarshen makon aka ce Dogo ya je gidan Kawu ya duba ƙaramar kwamfutar, wai tana wahalar shiga. Kawu ba ya nan. Gwaggo ce zaune a falo, tabarau a kan hanci, kwamfutar a cinyarta.

"Yauwa ɗan nan, zo. Akwatin rubutun nan naka ya cika ƙanƙanta. Ina cikin magana sai ya tsaya. Ka faɗaɗa mini shi."

Dogo ya leƙa. Ta kai rabin bayani a kan munsharin Yallaɓai a wurin taro. Ya nemi hannun kujera ya zauna.

"Gwaggo! Ke ce?"

"Da wa kake zato? Tun kafin a haife ka nake faɗa masa magana, ta kunnen nan take shiga ta fita ta wancan. Yanzu kuwa sau uku yake karanta ni, har da tabarau."

"Korata fa zai yi."

"Ba zai kore ka ba, ni na kawo ka. Faɗaɗa akwatin."

Ya faɗaɗa.

Yallaɓai ya yi nasa binciken. Ya zauna ya yi tunanin wanda ya san gida, ya san ofis, ya kuma san ƙarƙashin kujerar mota, sai ya tsaya a kan dattijon direbansa, Baba Direba. Aka gaya masa Baba Direba ko wayar hannunsa jikarsa ke danna masa. Ya ce wannan ne ma ya nuna zurfin makircinsa. Aka kira taro, aka sallami tsohon a gaban kowa. Baba Direba ya ajiye makulli a kan tebur yana tambayar mutane, "Wai mene ne intaranet ɗin?" Dogo yana tsaye a baya, ya buɗe baki, ya tuna firinta da ɗakin hayarsa, ya mayar ya rufe.

A taron ne aka dawo da wurin rubuta suna, aka kuma ba Dogo muƙamin Shugaban Sashen Sadarwa, sashen da daga shi sai fanka. Kafin a tashi aiki addu'o'in jan zamani sun sake cika shafin.

Da yamma ya je wurin Gwaggo ransa a jagule, don ya gaya mata abin da rubutunta ya jawo wa tsoho. A ƙofar gida ya tarar da Baba Direba yana goge motarta, yana fito.

"Na ɗauke shi aiki," in ji Gwaggo da Dogo ya shiga. "Da ma na gaji da tuƙa kaina. Kawunka ne zai riƙa biyansa, bai dai sani ba tukuna."

Ta miƙa masa kofin ruwa, ta gyara zama.

"Yanzu saura kai. Irin wancan nake so ka haɗa mana a gidan nan, marar suna. Yaran ma suna da magana."