Hanji a Akwatin Rigakafi

Ranar da aka kawo babur ɗin ƙaramin asibitin nan na Shagari, har masu jinya sai da suka fito kallo. Ba salansa, ba sarƙa, ƙafar baya kuwa zobe ce kawai, tsakiyarta fayau, akuya ma sai ta zura kai. Injin yana cikin zoben. Batirin sabon samfuri ne, an ce ba ruwa a cikinsa, ba ya zafi, kafin ka shanye shayi ya cika. Inda tankin mai ya kamata ya zauna, akwatin sanyi aka yi don allurar rigakafi. Wata ƙungiya ce ta bayar, aka damƙa makullin a hannun Maniru, ma'aikacin lafiya mai zagaya ƙauyuka.

Maniru ya san inda zai fara kai shi. Matan Mandera sun daɗe suna ƙin allurar ƙyanda, wai ruwan da ya sha rana a hanya ba zai shiga jikin 'ya'yansu ba. Ya yi ta sintiri wajen Inna Hasiya, ungozomar garin, wadda in ta ce a'a ba macen da za ta ce i. Da ƙyar ta yarda ya zo ranar Litinin ta ga akwatin da idonta.

Ranar Alhamis sai ga surukinsa, Baba Ɗantani, mahauci daga Bodinga. A da, mai aron babur sai ya yi tunani, don ba a mayar da shi tanki a bushe. Wannan da ba ya shan mai ya cire wa mutane kunyar aro.

"Maniru, ara min dokin ga naka in tai gaisuwar mutuwa Dandin Mahe," in ji tsohon.

Maniru na durƙushe, kansa a ƙasa. Kayan aiki ne, ya sani sarai. Amma wa ya taɓa ce wa uban matarsa a'a? Ya kwashe alluran ya mayar firji, ya miƙa makulli da hannu biyu.

Da yamma aka dawo da babur Maniru ba ya nan. Matarsa Altine ta sa aka tura shi zaure, a kashe, ya yi zamansa a rufe cikin zafin nan har Litinin.

Da Maniru ya ɗaga murfin, sai da ya ja da baya ya dafa bango. Wa'iyazubillahi! Gaisuwar mutuwa ashe kayan ciki aka kai kasuwa. Wani guntun hanji ya zame ƙarƙashin farantin da ke cikin akwatin, ya kumbura ya yi kore, tsutsa na dambe a kansa. Karin kumallonsa a nan bakin zaure ya dawo da shi.

Ya wanke da sabulu, ya goge da toka, ya matse lemun tsami, ya kwara ruwan zafi. Ina! Wanda ya zana babur ɗin, don tsabar son kyau, ya yi akwatin curi guda, ko noti ɗaya babu da za a kwance. Ruwan ƙazantar ya riga ya gangara cikin ƙananan kafofin da iskar sanyi ke fitowa, inda yatsa ba ya shiga. Tsohuwar kular asibiti kuma ba wanda ya daskarar mata da ƙanƙara, tunda kowa ya saki jiki da sabon abu. Ya naɗe kwalaben allurar a leda, ya saka a akwatin, ya rufe, ya kama hanya yana tofar da yawu.

A Mandera mata sun cika gindin itacen bedi, kowace da goyo. Inna Hasiya na gaba, jikanta a cinya, ta riga ta naɗe masa hannun riga.

"To, ɗan nan, buɗe mu gani," ta ce.

Ya buɗe. Sanyi ya fito, gaskiya, amma ba shi kaɗai ba. Matan gaba suka ja mayafi suka toshe hanci. Kafin ya yi magana, wata farar tsutsa ta leƙo daga kafar iska, ta faɗo kan ledar, ta miƙe tana tafiyarta a natse.

"Inna, wallahi kwalaben a rufe suke, ba abin da ya taɓa maganin."

Gaskiya ya faɗa, amma shi kansa ƙyamar bakinsa yake ji. Tsohuwar ta dubi tsutsar, ta dube shi, ta warware hannun rigar yaron ta saukar.

"Abin da kaka son sa ma ɗiyanmu ke nan? Tir!"

Ta saɓa yaron, matan suka bi ta, aka bar Maniru da ƙudaje.

Bai sake samun mai sauraronsa a garin ba. Bayan 'yan makonni ya dawo daga aiki ya tarar da Baba Ɗantani a kan tabarma a ƙofar gida, yana sakace.

"Dokin ga akwai albarka," in ji tsohon. "Ran nan har la'asar nama bai canza ba. Af, ka ji ƙyanda ta shiga Mandera? Jiya anka rufe jikan ungozomarsu. Ku ma'aikatan lahiya, mi kuka yi ne?"

Ya miƙo hannu don karɓar makulli. Maniru ya tsaya yana kallon hannun, da busasshen jini a ƙarƙashin farata. Ya tuna ɗan damtsen da aka naɗe wa riga. Bai durƙusa ba, bai sunkuyar da kai ba. Ya jefa makullin a aljihu, ya tsallake takalman surukinsa ya shige gida.