Ƙararrawar Darakta

Wani dare muka fara jin abin: kilin! kilin! Sai shiru, sai kuma kilin! Ni na ɗauka baƙon tsuntsu ne, don na taɓa jin akwai wanda kukansa kamar cokali a cikin kofi. Maƙwabcina tela ya ce aljani ne ya sayi keke. Sai da gari ya waye muka gane daga benen Darakta ne, can ƙarshen layi.

Ashe da ya yi ritaya bai baro ofis hannu rabbana ba. Ya taho da kujerarsa mai juyawa, da ƙararrawar tebur wadda yake dannawa masinja ya shigo a guje har yana tuntuɓe. Ya ajiye su a falon sama, ƙarƙashin lambobin yabon da suka rufe bango har tsaka ta rasa wurin mannewa.

Shi ake nuna wa yara a layinmu. In yaro ya ƙi makaranta, sai uwarsa ta ce, "Ka ga Darakta? Haka ake cin nasara." Shi ma ya yarda da haka. Yakan tsaya a ƙofar shagon tela ya yi mana darasi kyauta.

"Nasara ita ce ka danna, a zo," in ji shi. "Kai tela, kiranka ake yi ka je. Ni kuwa ni nake kira."

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji tela, yana cizon zare don kada dariya ta kuɓuce masa.

Sai dai yanzu yana dannawa, ba a zuwa. Matarsa ta amsa a kwanakin farko. Ran nan ta hau benen da ciwon gwiwarta, sai ya ce ta miƙo masa jaridar da ke gefen hannunsa.

Ta ce, "Baban yara, ni aure aka ɗaura mana, ba aiki ka ɗauke ni ba."

Daga ranar ta cusa auduga a kunne. 'Ya'yan kuwa, suna ƙanana in suna son ganinsa a ofis sai sun zauna a bencin sakatare kamar masu neman kwangila. Yanzu in ya kira su a waya sai su ce, "Baba, ina mitin." Karatun ya zauna musu daram.

Bai fasa dannawa ba, safe da yamma, har muka saba. Tela ma da kiɗanta yake taka keken ɗinki.

Sai ranar da ƙafar kujerar ta karye yana tsakar juyi. Ya zube, ƙugu ya goce, ƙararrawar ta faɗo kusa da hannunsa. Tun hantsi yake dannawa. Da ya yi ihu da an zo, amma babban mutum ba ya ihu, ai don haka aka ƙera ƙararrawa. Duk layin muna ji.

Tela ya ce, "Yau aiki ya kacame a ofis."

Ni abin da ya dame ni, muryar ƙararrawar ce ta sauya. Ta bar kilin, ta koma kwal, kwal, kamar mai mura, kuma irin wannan abu ba ya barina in zauna lafiya. Bayan la'asar na hau in gani. Na same shi a ƙasa, leɓe ya bushe, yatsa a kan ƙararrawar da ta nutse a kafet. Ya ɗago ido ya dube ni.

Ya ce, "Ka makara. Kuma ba ka ƙwanƙwasa ba."

Na kira tela, muka kinkime shi zuwa asibiti. Nas ta ce dole wani ya kwana da shi. Matarsa ta nuna gwiwarta. Aka kira babban ɗan, yana mitin. Aka kira autar, ta ce a yi masa sannu. Muna tsaye cirko-cirko a baranda, sai muka ji ƙara daga ɗakin: ashe ya gano maɓallin kiran nas a jikin gado.

Tela ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "To jama'a, a cikinmu marasa nasara, wa zai kwana da shi?"