Minti Ukun Inna

Na dawo daga karatu a ƙasar waje aka ba ni kujera a hawa na huɗu, ɗakin da ake tace intanet. Aikina gano masu ɓad da kama su tsallake shingen gwamnati.

Ranar Litinin Oga ya tsaya a kaina. "Bature, duba wannan. Shafin sayar da takalma ne, amma raina bai kwanta ba."

Na duba. Mai kallon takalma hotuna yake karɓa, abin da yake aikawa kaɗan ne. Wannan kuwa aikawarsa ta kai karɓarsa, minti arba'in, kullum bayan la'asar.

"Ba mai hira da takalmi," na ce. "Kiran waya ne aka sa wa rigar shago."

Na rubuta ƙa'ida: na'ura ta sa ido minti uku, in shiga da fita suka yi kunnen doki ta datse. Shafin da aka datse sau huɗu kuma a rufe shi har abada. Kafin a tashi ƙa'idar ta hau kowane layi.

Ranar Juma'a na je gida. Na tarar da Inna kan tabarma a ƙofar ɗakinta, waya a cinya.

"Auta, layin yayanka ya lalace. Da mun fara sai ya mutu. Yau kwana uku."

Yaya ɗan jarida ne, shekara shida da tserewarsa daga ƙasar nan, kuma ba a kiran lambarsa daga nan. Ban taɓa tambayar yadda suke magana ba, ita ma ba ta taɓa tambayar abin da nake yi a hawa na huɗu ba. Ta miƙo wayar. Takalma ne a jere.

"Ya ce likita ya ba shi sakamako, zai faɗa mini. Kai da ka yi karatun abin, gyara."

Cire ƙa'ida sai mutum uku sun sa hannu, kuma za su tambayi dalili. Kira ɗaya ya rage mata.

"Inna, minti uku gare ki. Kada ki gaishe shi. Ki ce kawai, me likita ya ce."

Ta harare ni. "Ɗan nawa zan tsare kamar ɗan sanda? Can aka koya maka?"

Ta latsa. Muryar Yaya ta fito a shaƙe.

"Babba," in ji Inna, "kana lafiya? Ya jikin? Ya mai ɗakin naka? Ƙaramar ta fara tafiya? Ya maƙwabta?"

Yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau, lafiya lau, yadda ta koya mana. Ni ina kallon agogo. Na taɓa gwiwarta, ta ture hannuna.

"Inna," in ji shi, "batun likitan nan."

Sai layin ya mutu.

Ta daɗe da wayar a kunne. Ta sake latsawa, ko takalman ba su fito ba.

"Auta, ya ce me?"

"Ban ji ba, Inna."

"To, gobe bayan la'asar," ta ce, ta goge fuskar wayar da gefen zane.