Auren da Ba Shi da Hoto

Maitama ya shekara goma sha ɗaya yana cika wa mutane takardu a shagon kwamfutarsa kusa da tashar mota a Funtua, kuma a ganinsa babu matsalar da ba ta da dabara. Shi ya sa ranar da Ummukulsum ta zo daga Dayi da takardunta a cikin leda, bai ko ɗaga kai sosai ba.

Mijinta Abdussamad ma'aikacin jinya ne a Ingila. Wata goma sha huɗu ke nan da ɗaurin aurensu, tana neman bizar da za ta je ta same shi. Maitama ya duba fasfo, ya duba takardar shaidar aure, ya ce duk sun yi.

"Saura hotuna, Hajiya. Masu ba da biza suna son su gan ku tare, su tabbatar auren na gaske ne."

"Ai babu," in ji ta.

Babu ɗin kuwa. An ɗaura auren yadda aka saba, maza a ƙofar masallaci, amarya can ƙuryar ɗaki a lulluɓe. Shi angon ma bai samu hutu ba, baffansa ne ya karɓa masa. Shekara biyun da suka yi suna zance a zauren mahaifinta kafin ya tafi Ingila kuwa, wa ya isa ya zaro waya ya ce a matso a ɗauki hoto? Da tsohon ya ji labari, da zancen ya mutu tun ranar.

Maitama ya yi dariya. "Wannan ai ƙaramin abu ne. Kawo naki, shi ma ya turo nasa, in haɗa ku a kwamfuta. Har furanni zan sa muku a baya."

Ta ce, "Malam Maitama, aurena na gaskiya ne. In na kai ƙarya ta tsaya masa shaida, ai ni na fara ƙaryata shi."

Ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye: in suka ƙi, wata shekarar ce za ta sake yi ba mijinta. Ya ga idonta ya ciko, ya ɗauka ta sauko. Sai kawai ta miƙa masa wayarta.

Hotunan gona ne, tuli guda. Gonar Abdussamad ce ta Dayi, wadda ta riƙe masa tun bayan biki. Kowace Juma'a sai ta tura masa hoto: ranar shuka, ranar sa taki, masara ta yi goyo, tsutsa ta faɗa wa gefen rafi, buhuna a jere bayan girbi. A ƙarƙashin kowanne ga amsarsa, wani lokaci shawara, wani lokaci tsokana. Can kuma ga mahaifiyarsa, Tsohuwa, tana ɓata fuska da maganin hawan jini a tafin hannu, shi ma an tura masa don ya san ta sha.

"Ka buga waɗannan," in ji Ummukulsum. "Sannan ka rubuta musu da Turanci yadda muke aure a nan. Ni zan faɗa, kai ka rubuta, kada ka ƙara ko kalma ɗaya."

Haka aka yi. Sau biyu yana neman ya ɗan sa gishiri, sau biyu tana sa shi ya goge. Da ta tafi, ya ce wa maƙwabcinsa mai walda bai taɓa ganin wanda ya nemi biza da masara ba. Amma ya kasa daina tunanin abin, har ya riƙa sa ta a addu'a.

Bayan mako goma sha ɗaya biza ta fito. Maitama ya yi murna kamar ƙanwarsa ce, ya kuma ji kunyar furannin nan nasa.

Wata safiya keke napep ya tsaya a ƙofar shagon. Ummukulsum ta sauko tare da wani dogon mutum yana rungume da rabin buhun masara. Abdussamad ne, ya samu hutu ya zo ɗaukar matarsa. Bayan gaisuwa ta miƙa wa Maitama wayarta.

"To, yanzu ka ɗauka mana."

Suka tsaya jikin bangon shagon, da tazarar kamu guda a tsakaninsu, ita tana kallon ƙasa. Maitama ya buɗe baki zai ce su ɗan matso, sai ya fasa. Ya ɗauke su yadda suke.