Kwamfutar da Auta ta bari

Tun da Malama ta yi ritaya daga koyarwa, gidan nan na saman bene ya yi mata yawa. Maigidan ya rasu, manyan yaran kowa ya kama gabansa, Auta kuma ta samu aiki a wani gari mai nisa. Da za ta tafi, ta bar wa uwar tsohuwar kwamfutarta ta tafi-da-gidanka, wadda da ita Malama take koya wa wasu yara lissafi ta intanet.

Kwamfutar ɗaki biyu gare ta, in ji Auta. Idan an kunna, baƙin allo ne ke fitowa da layi biyu, a zaɓi ɗaya.

"Na sama shi za ki riƙa shiga, Mama, ni na saka shi lokacin karatu. Na ƙasan da shi aka sayo ta, nauyin jiki gare shi kamar an aiki Yaya kasuwa."

Wata safiya Malama tana ajiye kofin shayi, hannunta ya taɓa wani maɓalli, sai ga ta a ɗakin ƙasa. Ta kashe, ta sake kunnawa, ta shiga na sama. Amma alamar intanet ɗin nan mai kama da mafici ta ɓace daga kusurwar allo. Ta duba wayarta, tana kamawa sarai. Ta zare wayar wutar ɗan akwatin intanet daga bango ta mayar, fitilunsa suka kawo kore, kwamfutar dai ko gezau.

Auta ba mai yawan kira ba ce. Sai ƙarshen mako, shi ma a tsaitsaye: lafiya, kin sha magani, sai anjima. Amma ranar da ta ji labarin kwamfutar, ta kira da hutun rana, ta sake kira da aka tashi aiki.

"Rubuta abin da zan faɗa miki, harafi harafi. A'a Mama, ban da tazara."

"Ke, ni na koya miki rubutu fa."

"To ai yau ramuwa nake yi."

Rubuce-rubuce suka cika allon, Malama ta ɗauki hoto ta tura, Auta ta ce a gwada wani abu. Kafin kwamfutar ta gama kunnuwa sai hira ta ɓarke. A nan Malama ta ji cewa famfon ɗakin Auta yana yoyo, kuma akwai wata a ofishinsu mai cinye mata abincin rana da sunan ɗanɗano. Kwanaki suka tafi a haka, intanet bai dawo ba. Malama ta lura har kwalli take sakawa kafin lokacin kiran, alhali murya kawai ake ji.

Daga ƙarshe Auta ta ce, "Abin nan ya fi ƙarfin waya. Ranar hutu zan shigo mota in zo in gani da idona."

Washegari uwar ɗaya daga cikin ɗaliban ta kira. Cikin ladabi ta yi maganar, amma jarrabawa ta matso, yaron kuma har yanzu lissafin rabawa yana ba shi wahala. Malama ta ji kunya. Ta kunna kwamfutar, da gangan ta shiga ɗakin ƙasa. Can akwai intanet, sai dai tafiyar hawainiya yake, ba zai ɗauki darasi ba. Ta saka tabarau, ta rubuta matsalarta a wurin bincike kamar mai kai ƙara.

Ta daɗe tana karatu kafin ta faɗa kan bayanin wani bawan Allah da abin ya taɓa samu. Ya ce ɗakin ƙasa ba ya mutuwa da gaske in an kashe, barcin zomo yake yi, yana riƙe da na'urar kama intanet, shi ya sa na sama ba ya ganin ta. A danne maɓalli mai kibiya sama yayin kashewa, kada a saki sai allo ya yi duhu.

Ta danne har yatsanta ya yi fari. Ta kunna, ta shiga na sama. Sai ga mafici a kusurwarsa, kamar bai taɓa zuwa ko'ina ba.

"Alhamdulillahi," ta ce da ƙarfi. Babu wanda ya amsa.

Da yamma ta yi wa yaron darasi, ya gane rabawa. Tana rufewa wayar ta yi ƙara. Malama ta bar ta tana ruri, tana kallon sunan. In ta ɓoye gyaran, Auta za ta zo ranar hutu, wa zai sani? Amma ita da ta yi shekara da shekaru tana hana 'ya'yan mutane ƙarya.

"Auta, ta gyaru. Ni na gyara."

"Kai, Mama! Ashe injiniya muke da ita a gida!" Auta ta yi dariya, sannan ta sauke ajiyar zuciya. "Wallahi kin taimake ni. Dama an ɗora min aiki ranar hutun, ina ta tunanin yadda zan yi. Sai wani watan ke nan."

"Allah ya kai mu. Ki riƙa cin abinci."

Ta so ta ba ta labarin barcin zomon, amma wani yana kiran Auta daga can, layin ya katse.

Malama ta ɗan zauna, sannan ta yafa mayafi ta sauka ƙasa. Akwai wani tela mai shago a bakin matakala, kekensa na ta ƙara. Gaisuwa kawai ke haɗa su, amma yau ta ja benci ta zauna, ta ba shi labarin tun daga kofin shayi. Bai ɗaga ƙafa daga keken ba, yana dai gyaɗa kai.

Da ta kai aya ya zare allura daga bakinsa.

"Ikon Allah," ya ce. "Wayar ce ta lalace?"

"E," in ji Malama. Ta ci gaba da zama tana kallon masu wucewa, har ya gama hannun rigar da yake ɗinkawa.