Irin Geron Baba Labo

Ni na dake irin Baba Labo, da hannuna, kwana uku da rasuwarshi. Shekara biyar ke nan, kuma har yau in na ga gumba sai in kau da kai.

Mahaifina ne. Ya haura tamanin yana noma a Bazaga, ya aurar da mu tara, ya riƙe marayun ƙanenshi, ba a kai gawa kushewa sai da shi a gaba. Amma abin da aka fi saninshi da shi geronshi ne, wani iri mai doguwar zangarniya da ya gada wurin kakanmu. Duk kaka yakan zaɓi manyan zangarnu ya ɗaure su daban a ɗakinshi. In damina ta matso kowane maigida ya taho ya karɓi nashi, ba ko dala. Yunwar shekarar tamanin da huɗu mun ci dussa, mun ci tafasa, uwarmu ta yi kuka ta gaji, bai yarda an taɓa damin nan ba. Da ruwa ya dawo, rabin gari da shi suka shuka.

Duk wannan na sani, kada wani ya ce ban sani ba.

Ya rasu da bazara, rumbu ya yi ƙasa. Na taho daga Konni inda nake aure, kaina yana hayaƙi. Ranar sadakar uku mutane suka cika ƙofar gida tun hantsi, daga Illela, daga Malbaza, har da Fulanin da yake ba kara su ba shi taki. Ƙanena Amadu ya tafi kasuwa sayen gero da amalanke, shiru bai dawo ba. Haba! Mutumin da ya ciyar da gari, a watse daga sadakarshi ba gumba? Na faɗa ɗakinshi neman tabarma, sai ga dami biyu rataye.

Saratu, matar Amadu, ta riƙe mini zane.

"Yaya Larai, wannan fa na..."

"Na wa? Ke za ki gaya mini kayan ubana? Kawo turmi!"

Ta kawo, tana hawaye. Ni kuwa na ɗauka kukan mutuwa ne, ko dai haka na so in ɗauka. Na ce a raina Amadu zai samo wani iri a wurin maƙwabta. Aka sussuke, aka surfa, aka daka da sukari. Gumba ta yi kyau, aka yi ta yaba mini, ni ko har da jin daɗi.

Da Amadu ya iso ya ga igiyar damin a ƙasa, sai ya zauna bakin ɗaki ya dafe kai. Ashe bara fari ya kama gonakin gari, ba wanda ya ajiye iri mai kyau, kowa ya dogara da na tsoho. Da ya zage ni da na samu sauƙi, wallahi.

Kwana biyu bayan nan hadari ya fara haɗuwa. Sai ga Baba Illo, abokin mahaifina tun suna yara, ya dogaro sanda da ɗan buhunshi a hannu. Ya gaishe mu, ya ce marigayi ya yi mishi alkawarin zangarniya goma. Amadu ya sunkuyar da kai. Na durƙusa na faɗa mishi da bakina, ban rage komai ba.

Ya dube ni ya tambaya.

"Gumbar nan ta ranar uku?"

"Ita, Baba."

"Na ci," in ji shi. "Har na ce a ƙaro mini."

Ya naɗe buhun a hankali ya cusa aljihu, ya ce Allah shi yi mini albarka, ɗiya ce ta so ta fid da ubanta kunya. Ya fita yana duban sama. Wannan shekara da geron kasuwa Bazaga ta yi shuka.